Ga Nas a Gida

A gidan marigayi Malam Inuwa da ke Gaya mutum uku ne suka san abin da ke cin Bara'atu, kuma ita ba ta cikinsu. Mijinta Mudassir ya sani, don daga jikinsa abin ya fito. Uwarsa Dada ta sani, ko da yake ta fi son a ɗauka kunnenta bai ji da kyau ba ranar da aka faɗa. Sai yayarsa Karimatu, wadda ta riga kowa sani. Ita nas ce. Ita ta ɗebi jinin ƙanin nata da hannunta lokacin da zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ita ta ga cuta mai karya garkuwar jiki ce, ita kuma ta tura ƙofar ɗakin Dada ta ce maganar nan ko bango ba ta yarda ya ji ba.

A lokacin Bara'atu tana tsakar gida tana wanke-wanke da ƙaramin cikinta na fari, tana jin daɗi an taru ana shawara a kan lafiyar mijinta.

Karimatu mace ce mai iya tsara abu. Nan da nan ta kai Mudassir Kano, can inda ba wanda ya san fuskarsa, aka ɗora shi a kan magani. Da suka dawo ta ɓare takardar da ke jikin robar maganin, ta kira Bara'atu ta danƙa mata.

"Olsa ce ta kama shi, mai tsanani. Ƙwaya ɗaya kullum, kada ki bari ya tsallake. Lafiyarsa tana hannunki."

"In sha Allahu, Anti."

Ba ta kuwa taɓa bari ya tsallake ba. Kowace safiya kafin ya sa hula za ta durƙusa ta miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa. Ta rage yaji a miya, ta daina sa tsamiya a kunu. Mudassir ya murmure, kumatu suka fito, ya koma aikinsa a sakatariya yana cika kujera.

Da ciki ya fara fitowa, matan maƙwabta suka leƙo suka ce ta shirya su tafi awo tare. Ta tambayi mijinta, ya ce ta tambayi Yaya. Karimatu ta biyo da yamma daga wurin aiki, kamar yadda ta saba kafin ta wuce gidan mijinta, fararen kayanta sun sha guga. Ta saurari maganar tana murmushi.

"Awo? Ki je ki wuni a benci da rana, a yi ta daka miki tsawa? Me za su yi miki wanda ba zan yi miki a nan ba? Ga nas a gida!"

Dada ta ce, "Ai kuwa dai. Wasu nema suke yi ba su samu ba."

Bara'atu ta ji kunya ta yi godiya. Ba wanda ya gaya mata cewa a wurin awo ana ɗibar jinin kowace mai ciki a duba. Karimatu ta kawo mata ƙwayoyin ƙarin jini, takan danna cikin ta kan riga ta ce lafiya lau.

A ɗaki ta haihu, ranar wata Laraba da hantsi, ana yayyafi. Karimatu ta shigo da safar hannu biyu a kowane hannu, da leda ɗaure tun daga wuya har gwiwa, ta rufe baki da hanci, har da wani tabarau. Dada, wadda rabin 'ya'yan unguwar a hannunta suka faɗo, ranar a bakin ƙofa ta tsaya tana jan carbi. Da jaririyar ta yi kuka, Karimatu ta riƙe ta nesa da jikinta kamar ta ɗauko tukunya daga wuta. Zannuwan da aka yi amfani da su, har da sabuwar atamfar da Bara'atu ta shimfiɗa, aka tattara bayan gida aka cinna musu wuta. Bara'atu ta ga hayaƙin ta taga ta ce a ranta, haka masu ilimi suke yi.

Aka sa wa yarinya Afra'u. Hanne, uwar Bara'atu, ta zo daga Gafasa ranar suna da kaji da gero, ta roƙi a ba ta 'yarta ta je gida wanka, tunda haihuwar fari ce.

Karimatu ta ce, "Haba Inna. A kai ta ƙauye a dafa ta da tafasasshen ruwa? Yanzu an bar wannan. Ina nan ina kallonta safe da yamma."

Hanne ta koma ita kaɗai, tana gaya wa matan Gafasa 'yarta ta dace da dangin miji.

Bayan arba'in tari ya fara. Sai zazzaɓi mai zuwa da yamma, sai gudawa da ba ta tsayawa. Karimatu ta ce taifot ne. Ta kafa ƙusa a bango ta rataya ledar ruwa, ta soka allurar tana kau da fuska. Da taifot ya daɗe ta ce maleriya ce ta haɗu da shi. Da ƙuraje suka feso wa Bara'atu a gefen haƙarƙari, masu zafi kamar an ɗora garwashi, ta ce zafin jego ne. Dada ta ce ita dai tana zargin iska, ta aika aka karɓo rubutu.

Daga nan aka ware mata kwano da kofi da buta, aka ɗaura musu jan zare don kada a sha bamban. Karimatu ta ce taifot yana bin kwano. Ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin. In sun zo gaida kakarsu, daga nesa suke ce wa Bara'atu sannu. Ita kanta in ta gama sa ruwa sai ta tsaya a bakin rariya ta yi ta saɓa hannu da wani ruwan magani mai warin asibiti, har Dada ta ce fatar za ta saɓule. Mudassir ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure, ya ce tarin yana hana shi barci ga aiki da safe. Amma duk safiya yakan tsaya a bakin labule ya miƙo hannu, Bara'atu ta rarrafa ta ɗauko robar ta zazzago masa ƙwayarsa.

Wata rana, sau ɗaya tak, zuciyarsa ta motsa. Ya sami Karimatu a ɗakin Dada ya ce a hankali, "Yaya, ko dai a kai ta ne? Ta ƙare fa."

"A kai ta ina? Asibitin da nake aiki? Kafin azahar duk Gaya ta ji ƙanin Sista Karimatu ne ya shafa mata. Kai da kake zama a sahun gaba ranar Juma'a? Ni 'ya'ya mata gare ni, wa zai zo neman aurensu?"

"To a karɓo mata irin nawa mana."

"Sai an gwada ta ake bayarwa. In an gwada ta za a gaya mata, in an gaya mata uwarta ta ji, in uwarta ta ji kasuwar Ajingi ta ji. Ka bar ni da aikina. Ba ruwa nake ƙara mata ba?"

Dada ta ce, "Cuta da magani duk na Allah ne. Wanda kwanansa bai ƙare ba ba zai mutu ba." Ta ce haka tana kallon ɗanta da ya yi ƙiba da ƙwayar Kano.

Mudassir ya sauke ajiyar zuciya kamar an ɗauke masa kaya, ya fita masallaci.

Bara'atu ba ta ji wannan ba. Abin da ke gabanta Afra'u ne. Yarinyar ta ƙi girma. 'Ya'yan da aka haifa bayanta sun fara zama, ita wuyanta ma bai tsaya sosai ba. Bakinta ya yi fari fat da ƙuraje, in ta kama nono sai ta saki ta tsala kuka, kukan ma ya zama siriri kamar na 'yar mage. Ƙirjinta yana shiga yana fita da sauri.

Bara'atu ta tare mijinta da safe, ta riƙe robar ba ta miƙa ba.

"Baban Afra'u, ni na haƙura da kaina. Yarinyar nan a kai ta asibiti, don girman Allah."

"Yaya ta ce haƙori ne."

"Wane irin haƙori ne yake hana numfashi?"

"Ke kin fi ta sani ne? Makaranta ta je ta karanta abin nan. Ba ni maganina, na makara."

Ta ba shi. Da yamma Karimatu ta zo da wani jan magani a kwalba, ta ajiye a bakin ƙofa ta tura shi ciki da ƙafa.

"Cokali ɗaya safe da yamma. Kuma ki daina ɗaga wa Mudassir hankali, mai olsa ba ya son damuwa."

Da aka gama cire gyaɗa Hanne ta samu sukuni. A waya kullum ce mata ake yi jiki da sauƙi, Bara'atu tana barci. Ta ƙullo gyaɗa da kuka a buhu ta hau mota ba ta sanar da kowa ba. Ta yi sallama, Dada ta taso da sauri tana shimfiɗa mata tabarma a inuwa, nesa da ɗakin. Hanne ta wuce ta ɗaga labule.

Ta tsaya. Wari ya fara tarar ta, sannan ta ga abin da ke kan katifa. Da ba don muryar da ta ce "Inna" ba, da ta ce ta yi ɓatan ɗaki. Ƙashin wuya ya fito, gashi ya zube, leɓe ya tsattsage. A gefe ga jaririya kamar an kwantar da zani. Ƙusoshin bango sun cika da busassun ledojin ruwa.

Hanne ba ta yi kuka ba. Ta kwance mayafinta ta goya jikarta, ta leƙa waje ta tsayar da mai adaidaita sahu.

Dada ta biyo ta tana tafa hannu. "Ki jira Karimatu ta taso daga aiki! Ai ba a fita da matar mutum ba izini. Muna da nas a gida, me aka rasa?"

"Na ga aikin nas, Dada. Ga shi can rataye a bango."

Ta ciccibi 'yarta da hannu biyu kamar ƙaramar yarinya, ba ta ma ji nauyi ba. Ta ce wa mai adaidaita ya kai su asibiti, kowanne ne, ban da wanda Karimatu take aiki.

Da farko an karɓe su hannu bibbiyu. Aka ba Bara'atu gado kusa da taga, aka wuce da Afra'u ɗakin yara aka sa mata robar iska a hanci. Wata nas mai suna Zulfa har tana tsokanar Hanne, wai ta ga alama kakar ta fi uwar ƙarfi. Aka ɗebi jini. Kafin la'asar sakamako ya fito, kafin magariba gadon ya tashi daga bakin taga ya koma ƙarshen ɗaki, jikin ƙofar banɗaki. Ba wanda ya yi musu bayani.

Daga ranar sunanta ya ɓace, ta zama gadon ƙarshe. Zulfa mai wasa da dariya in ta zo duba ƙurajen, da bakin biro take ɗaga zanin. Ana ajiye magani a kan kujera a ce wa Hanne ta ba ta. Washegari ruwan da aka sa mata ya ƙare, jini ya fara hawa siririyar robar. Hanne ta je teburin nas-nas ta same su suna cin gyaɗa suna kallon waya.

"'Ya'yana, ruwan ya ƙare, jini yana bi."

"Wane gado?"

"Na ƙarshe."

Suka dubi juna. Zulfa ta ce, "Ba ni na sa ba. Wadda ta sa tana zuwa."

Ɗayar ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Mutum ya je ya kwaso abinsa, sannan a ce mu za mu sa hannu a jininsa. Ni 'ya'yana ƙanana ne."

Duk ɗakin ya ji. Matar da ke gadon kusa ta sa 'yarta ta ja kwanukansu ɗaya gefen. Bara'atu ta juya fuska bango. Ba ta san me ta kwaso ba, ba ta san kuma ina ta je ba, ita da tun da aka kai ta Gaya ko kasuwa ba ta taɓa shiga ba.

Wadda ta gaya mata wata ce daban, Sista Halima Sadiya, mai kula da masu irin wannan ciwon. Gajeriya ce mai furfura a gefen kai. Ta sa safar hannu ɗaya kamar yadda ake sa wa kowa, ta cire robar, ta danne wurin da auduga, sannan ta zauna a bakin gadon. Tun bayan haihuwa ba wanda ya zauna a shimfiɗar Bara'atu sai uwarta.

Ta faɗa mata sunan ciwon ba kwana-kwana. Ta ce yarinyar ma alamu sun nuna ta ɗauka. Ta ce akwai magani, kyauta ne, mai sha kullum yana tashi ya yi noma ya yi aure ya haihu lafiya.

"A ina kika yi awo?"

"Ban yi ba. Muna da nas a gida."

Halima Sadiya ta jefa audugar da ke hannunta a kwandon shara.

"Sista, da na yi awon fa?"

"Da an gani. Da an ba ki magani tun kina da ciki, ita ma a ba ta nata tana faɗowa. Yawanci yaran ba sa ɗauka."

Ta ce maganin Bara'atu sai an fara shawo kan tarin kafin a ɗora ta a kai, amma bari ta nuna mata shi ta san ba wani abin tsoro ba ne. Ta ciro roba daga aljihu, ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunta. Bara'atu ta dubi ƙwayar. Ta dubi robar da murfinta.

"Sista, kin yi kuskure. Wannan ai maganin olsa ne."

"Wa ya ce miki?"

"Shi maigidana yake sha. Ni nake ba shi kullum, tun ina da ƙaramin ciki. Yayarsa ce ta..."

Hanne ta ɗora hannu biyu a ka. Halima Sadiya ta mayar da ƙwayar cikin roba a hankali.

Afra'u ba ta daɗe ba. Ta cika wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Hanne tana riƙe da ƙafarta. Aka naɗo ta a zani aka kawo wa uwar ta gani. Bara'atu ta buɗe fuskar ta shafa goshin da yatsa. Nonon da yarinyar ta kasa sha ya jiƙa mata gaban riga.

Ranar Karimatu ta zo, cikin fararen kayanta. Ta tsaya a teburin nas-nas aka gaisa ana dariya, ashe da ɗaya daga cikinsu suka yi makaranta. Sannan ta gyara fuska ta nufo gadon ƙarshe, ta tsaya daga wajen ƙafa, jaka rungume a ƙirji.

"Allah ya ba da haƙuri. Allah ya sa mai ceto ce. Kin ga irin abin da nake gudu, an ɗauko yarinya a adaidaita iska ta buge ta."

Bara'atu ta yunƙura ta jingina da bango. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma ta fita.

"Anti, na ga maganin olsa."

Karimatu ta waiga ta ga ko akwai mai ji. Ta matso taku ɗaya, ba ta ƙara ba.

"Ki rage murya. Ke ba ki san aikinmu ba. Sirrin mara lafiya amana ne, rantsuwa muka yi. Doka ba ta ba ni damar in faɗi ciwon wani ba, ko ga matarsa."

"Dokar ce ta ce ki hana ni awo?"

"Tausayinki na ji."

"Dokar ce ta ce taifot ne? Ta ce haƙori ne? Ni ba mara lafiyarki ba ce, Anti? Ke kika karɓi Afra'u ranar da ta zo duniya. Kin san abin da ke jikina, shi ya sa kika sa safa biyu. Hannunki kika kare."

"Kada ki ɗora min mutuwa, ni ba Allah ba ce. Kuma tunda abin ya zama haka, wa ya san wanda ya shafa wa wani? Ku can ƙauye aska ɗaya wanzami yake yi wa gari duka aiki da ita."

Hanne ta miƙe. Karimatu ta ja baya da sauri, ta ajiye ledar lemo a ƙasa ta fita, takalminta yana ƙwas-ƙwas. A bakin famfo ta tsaya ta wanke hannu, ko da yake ba ta taɓa komai ba.

Mudassir bai zo ba. Ya aiko cewa zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar ganinta a haka ba, ga shi likita ya hana shi shiga damuwa. Da aka sallami Bara'atu ta koma Gafasa, wani kawunsa ya zo da saƙo: ya sauwaƙe mata, don ta samu natsuwar yin jinya a gaban iyayenta. Kawun ya ce gidan Malam Inuwa ba su riƙe ta da komai ba, sun yafe.

Amanar da ta rufe Mudassir fiye da shekara ba ta kai wata ɗaya a kan Bara'atu ba. A wani gidan biki aka tambayi Karimatu dalilin rabuwar, ta ja mayafi ta ce ita ba ta son tona asirin 'yar mutane, amma dai ciwon zamani ne, daga gida ta zo da shi, Allah ne ya tsare ƙaninta. Labarin ya riga motar kasuwa isa Gafasa. Mata suka daina aiko yara aron turmi. Hanne ta ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya da 'yarta a tsakar gida, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa ya gani.

Maganin ya yi aikinsa. Tari ya tafi, gashi ya tsiro, kafin damina ta zagayo Bara'atu tana bin uwarta gona. Abin da bai dawo ba shi ne yawan magana. In ta ga goyo sai ta sunkuyar da kai har a wuce.

Ana tsakiyar noman farko wata mai tallan daddawa ta kawo labari: an kai goron Mudassir Ajingi, gidan Malam Da'u mai hatsi. Yarinyar sunanta Ummukulthum, ta gama karatun koyarwa, ita ma tana son sa. Iyayenta sun yi maganar gwajin jinin da ake yi kafin aure, Sista Karimatu ta ce kada su wahalar da kansu da layi, ita za ta ji da komai.

Ranar kasuwar Ajingi Bara'atu ta sa hijabi. Hanne ta tare ta a zaure.

"Ina ruwanki? Rabin gari yana zargi, in kin faɗa da bakinki kowa ya tabbatar. Ke ma fa da sauran aure a gabanki."

"Inna, ni ma 'yar wata ce ranar da aka kai ni."

Hanne ta matsa ta ba ta hanya.

Ta sami gidan ba wuya. Matar Malam Da'u tana tankaɗe a gindin darbejiya, ta amsa sallama da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Bara'atu ta faɗi sunanta da na gidan da ta fito. Ta faɗi ciwon da ke jikinta da sunansa, ba ta yi masa laƙabi ba. Matar ta janye ƙafarta daga kan tabarmar. Bara'atu ta gani, ta ci gaba. Ta ba ta labarin olsa, da awo, da Afra'u.

"Ban zo in ce kada ku ba shi 'yarku ba, Umma. Mai wannan ciwon yana aure, in yana shan magani matarsa ta zauna lafiya, 'ya'yansa ma haka. Ga ni nan, noma nake yi. Abin da na zo faɗa, ta shiga da saninta. Kuma gwajin, ku kai su da ƙafarku, inda ba wanda ya san Anti Karimatu."

"In ƙarya kike yi fa? An ce ke kika kai musu."

"In ƙarya ce jini zai nuna. Ba abin da kuka rasa sai wuni ɗaya."

Matar ta ajiye rariyar ta ce, "'Yar taki wata nawa ta yi?"

"Ba ta kai ga zama ba."

Labulen ɗakin da ke bayansu ya motsa. Wata doguwar budurwa ta fito, ta durƙusa ta gaida Bara'atu, idonta jawur. Ta dubi uwarta ta ce, "Umma, a kira Baba daga kasuwa."

Malam Da'u bai yi hayaniya ba. Ya aika Gaya cewa yana nan a kan bakansa, sai dai shi da kansa zai ɗauki yaran biyu a mota ya kai su gwaji, asibitin da ya zaɓa. Daga gidan Malam Inuwa aka ce Mudassir aiki ya yi masa yawa. Aka sa wata rana, aka ce Dada ba ta jin daɗi. Daga baya kawun nan mai kai saƙo ya zo ya ce sun yi istihara, abin bai kwanta musu ba.

Karimatu tana nan a bakin aikinta. Har yau in zazzaɓi ya kama wani a unguwa ita ake kira, ta zo da jakarta ta rataya ruwa, a raka ta har ƙofa ana sa albarka. Abu ɗaya ne ba ta yafe ba, kuma duk wanda ya zauna da ita ya ji shi. Takan girgiza kai ta ce ita ta daina taimakon mutane, don ɗan Adam ba shi da godiya: yarinyar da ta yi wa jinya wata da watanni, ba dare ba rana, ita ce ta tashi takanas ta je har Ajingi ta ɓata musu suna.